Ƙaron Bune a Bakin Teku

Mu a Gure mai kaya ba ya rabuwa da kayansa. In ka loda kamiyo, babbar motar kaya, kai ne za ka hau can bisa ka zauna kan buhunanka, rana ta dake ka har Damagaram ko Kano, sai ka ga hannun da ya karɓa sannan ka sauko. Da haka na taso, tun ina kai kanwa kasuwa a kan jaki har na kai ga sayen ƙaro.

Bayan an karya darajar sefa, wata rana aka tara mu 'yan kasuwa a biron sufurefe, wato ofishin shugaban gundumarmu. Wani ma'aikaci daga Yamai ya ce gwamnati na son kayan ƙasarmu su riƙa fita ta teku kai tsaye. Ya ce an gyara tashar jiragen ruwa ta Kwatano, an kawo sababbin injuna, akwai wurin da aka ware wa kayan Nijar, kuma ƙananan 'yan kasuwa na iya haɗa kayansu cikin akwatin ƙarfe ɗaya da ake kira kwantena. Wani a bayana ya ce, “Mu da ruwan rijiya ke ba mu wahala, ina mu ina teku?” Aka yi dariya. Ni dai na tsaya bayan taro na ba da sunana.

Ƙaron da nake saye na mutanen Bune ne, wani gari a yankinmu, kuma ba a samun ko tiya ɗaya sai da yardar wani dattijo, babban masu tsaga dakwara, iccen da ke ba da ƙaro, na wajen. Da na gaya masa inda za a kai, sai ya ce:

“Ɗana, mutanena sun sha ƙaya kafin su tara wannan. Ba mu taɓa gauraya shi da yashi ko ƙaron wani icce ba. In aka cakuɗa shi a hanya, mu za a zaga.”

“Baba, ni zan bi shi.”

“To, hannu da hannu. In ka dawo ka faɗa mini hannun wa.”

Na ɗauki alkawari. Shi kuma ya sa aka dama shuni, ya bi buhunan ɗaya bayan ɗaya yana zana alamar da suke lalasa wa raƙumansu a wuya: zane uku a tsaye da ƙugiya a ƙarƙashi. Na san in na saɓa, ƙofar Bune ta rufe mini ke nan.

Kwana da kwanaki ina kan kaya, ta Maraɗi, ta Gaya, har iska ta soma nauyi, riga na manne wa jiki. Da hantsi muka shiga tashar. Na san tuddan rairayi, na zaci na san faɗi. Amma ruwan nan ba shi da ɗaya gefen, kuma ba ya zama wuri ɗaya, yana ta numfashi kamar dabba. Abin da na ɗauka unguwa ce mai benaye, ashe jirgi ne. Wani inji mai tsawon da ya fi hasumiyar masallaci ya sauko da ƙugiyoyi, ya ɗauki akwatin da ya kai shagona biyu, ya ɗora kan wani a hankali kamar mace na jera ƙorai. Mutum ɗaya ne ke tuƙa shi, can sama cikin ɗan ɗakin gilashi. Na kama tasbihi ban sani ba.

Mai yi mana takardun tasha wani Bamaraɗe ne da ya daɗe a can. Aka shigar da buhunana cikin kwantena tare da na wasu, ina tsaye ina duba alamar. Da aka gama sai na ɗauko tabarmata da buta da jakar garin gero na nufi ciki.

“Alhaji, ina zuwa?”

“Wurin kayana.”

Ya riƙe ciki yana dariya. “Kai, mutumin rairayi! Wannan ba kamiyon kasuwar Gidigir ba ne. In aka rufe ka a nan, sai dai a sauke ka kilishi.”

“To, a ba ni wuri a jirgin.”

“Babu. Mai kaya ba ya bin kaya a nan. Takarda ke bi.”

Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe mai lamba wanda bai fi yatsa ba. Ya ce in aka ɗaure ƙofa da shi, ba ya buɗuwa sai an karya, kuma lambar za ta riga jirgin isa ta waya. Ya kai ni wani biro inda wata mata ta danna na'ura, sai ga sunana da Gure a gilashi, da wurin da akwatin zai zauna cikin jirgin. Duk da haka na tambaye shi ko ana iya fitar mini da kayana. Ya ce ana iya, amma jirgi ba ya jiran kowa.

Na zauna kan tabarmar nan na yi tunani irin na kasuwa. In na koma da ƙaro, na cika rabin alkawari, mutanen Bune sun sha ƙaya a banza. In na bari, ban ga hannu ba. Na tashi na ce a ba ni ƙarfen, ni na ɗaura shi da hannuna. Ban bar wurin ba sai da na ga akwatin ya tashi sama yana lilo, ya ɓace cikin 'yan'uwansa.

Da na dawo, ban ko kwana biyu a gida ba na wuce Bune.

“Hannun wa?” in ji dattijon.

“Baba, ban ga hannu ba. Ƙarfe na ɗaura.”

Bai yi faɗa ba. Ya ce, “Ka dai faɗi gaskiya,” ya tashi ya shiga gida. Ba a kawo mini ruwa ba. Da kaka ta wuce aka soma tsaga, ko buhu ɗaya bai zo shagona ba.

Ana nan sai wasiƙa ta zo ta hannun Bamaraɗen nan daga mai sayen, can ƙetaren teku. Malamin lakwal, makarantar boko, ya karanta mini: ƙaron da ke cikin buhuna masu wannan alama ya fi sauran tsabta, irinsa suke so. A ƙasan takardar wani ya zana alamar da alƙalami, zane uku a tsaye da ƙugiya, ƙugiyar ta ɗan karkace.

Na kai wa dattijon. Bai iya boko ba, bai kuma nemi a karanta masa ba. Ya ɗora yatsa kan zanen, ya bi shi a hankali har ƙasa.

“Wannan bai taɓa riƙe raƙumi ba,” ya ce. “Amma ga hannun nasa.”

Sannan ya ɗaga murya ya ce a kawo mini ruwa.