Na Gyara Malejin Jirgi, Na Bar Idon Yayana

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a ba ni fili in faɗi abin da ya same mu a gidanmu, ko wani zai amfana.

A shekarun da wayar salula ta fara yawa a Azare, ina da ɗan shago na buga takardu da kwamfuta kusa da kasuwa. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma ina da son sanin yadda abu yake aiki. Yayana, wanda shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya yi aikin sojan sama. Ya tuƙa jiragen horo shekaru masu yawa kafin ya ajiye aiki ya dawo gida, ya kama noma a gonarmu ta Katagum. Mutum ne da ba a yi masa musu, kuma ni ko ido ban saba haɗawa da shi ba.

Wani abokina ya kawo mini faifan wasan kwamfuta na tuƙa jirgin yaƙi daga Kano, har da sandar tuƙinsa. Ranar da Yaya ya gani sai ya ja kujera, ya ce in matsa, direban keke ba ya ɗaukar jirgi. Daga nan kullum bayan la'asar yana shagon. Shi ya koya mini cewa a bayan kowane fiffike akwai wani falle da suke kira filaf, wanda matuƙi ke saukarwa mataki-mataki idan zai sauka, don jirgi ya rage gudu ba tare da ya faɗo ba. Ya ce ba a saukar da shi sai an duba maleji, domin idan gudu ya yi yawa iska za ta ɓalle shi. Nakan yi ta tambaya, shi kuma yana amsawa da hannu, yana lanƙwasa tafinsa kamar fiffike. Ban taɓa jin ya yi mini magana mai tsawo haka ba, kuma na ji daɗin abin ƙwarai.

Da farko saukarsa ba ta da aibi. Bayan damina sai jirgin ya fara ɓalle masa filaf kusan kullum. Yakan buga tebur ya ce waɗanda suka haɗa wasan nan ko filin jirgi ba su taɓa zuwa ba, malejinsu maƙaryaci ne, yana nuna tamanin alhali jirgi na gudu kamar an koro shi. Na tsaya a bayansa na duba. Malejin yana gefen hagu na allon, kuma ɗari da tamanin yake nunawa. Lambar farko ce Yaya ba ya karantawa. Haka kuma 'yar fitilar da ke nuna filaf na hagu ya sauka, yakan ce ba ta kama ba, ga ta kuwa tana ci.

Na gani sarai, amma bakina ya kasa cewa Yaya ba daidai ka gani ba. A gidanmu ƙani ba ya gyara wa wa magana, balle a kan aikin da ya ci abinci da shi. Sai na ce wa kaina wataƙila jirgin gaske ya bambanta. Na yi ta bincike a cikin wasan har na gano inda ake matsar da agogunan gaban matuƙi. Na kwashe maleji da fitilun filaf na mai da su dama, na ƙara musu girma. Washegari ya sauke jirgi lafiya lau. Ya dafa kafaɗata ya ce ashe Injiniya ne a gidan ba a sani ba, ya ce a kawo mini tsire. Wallahi ranar har alfahari na yi.

Matarsa ce ta fara yi mini zancen cewa yana barin tuwo a gefe ɗaya na kwano, ya ce a ƙaro, kuma kafaɗarsa na yawan bugun ƙofa. Ta faɗa tana dariya, wai soja ya fara tsufa. Na yi dariya ni ma, ban haɗa wannan da wancan ba. Ko kuma na haɗa, na ƙi dubawa. Har yau ban san wanne ne gaskiya ba.

Lokacin girbi, yana kan babur a hanyar Katagum, amalanken shanu ya fito masa ta hagu, ya shige shi kai tsaye. Raunin bai yi tsanani ba, amma ya rantse bai ga komai ba. Likita a Azare ya riƙa motsa yatsa a gefen fuskarsa, sannan ya tura mu Kano a ɗauki hoton kai. A can aka ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, ya danne wajen gani. Likitan ya tambaya ko akwai wanda ya lura da wani canji tun da farko, domin da an zo da wuri da akwai abin da za a gwada. A gaban Yaya na faɗi zancen malejin. Bai yi faɗa ba. Sai ya tambaye ni, cikin natsuwa, ko ɗari da tamanin ɗin ne da gaske. Na ce shi ne. Ya ce to masu wasan sun iya aikinsu, shi ne ya zalunce su.

Bai kai wata damina ba ya rasu. Allah Ya jiƙansa. Na san kwana idan ya ƙare ba mai ƙara shi, kuma malamai sun yi mini wannan nasiha. Duk da haka an umarce mu da neman magani, ni kuwa na ga alama da idona na rufe ta da dabara.

Jama'a, idan babba a gidanku ya fara cewa agogo ya lalace, ko rediyo ba ta da murya, ko an rage hasken fitila, ku duba abin da kyau. Idan abin lafiyarsa lau, kada ku gyara abin da bai lalace ba don ku faranta masa. Ku nemi wanda yake jin maganarsa, ku kai shi asibiti ko zai yi fushi. Da na yi haka, da Yaya ya yi mini faɗan da har yau nake marmarin ji.