Shekarar da Aka Hana Ɗan Acaɓanmu Tashi

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, ina koyarwa a wata firamare a Tarauni, yayana kuma yana zanen allunan shaguna a Gyadi-Gyadi. Tun muna yara haka muke, shi ya zana, ni in sa wa zanen magana a baki. Babu kalandar da bayanta ya tsira daga hannunmu a ɗakin Inna.

Kusa da shagon Yaya akwai wani Alhaji mai maɗaba'a. Ya sayi sabon inji saboda fastocin 'yan takara, da aka gama zaɓe sai injin ya yi shiru. Ran nan ya leƙo shagon ya tarar da mu da takardunmu, ya ɗauki ɗaya ya karanta a tsaye, yana dariya har hularsa ta karkace.

"Malama, ke kika rubuta wannan?"

"Ni ce, Alhaji. Zanen na Yaya ne."

"To ku kawo mu buga. Injina ya gaji da fuskokin 'yan siyasa."

Jaruminmu ɗan acaɓa ne, siriri, mai jar hula. Idan ya murɗa hannun babur ɗinsa sau uku sai ya tashi sama, ya tsallake cunkoson motoci ya kai mai naƙuda asibiti, ko ya cafko ɓarawon akuya kafin ya isa Hotoro. Littafin ɗan ƙarami ne, bango mai launi, ciki baƙi da fari. Duk wata sai mu fitar da ɗaya. Ranar da na ƙwace shi a hannun ɗalibina yana karantawa a ƙarƙashin benci, sai da na juya wa aji baya don kada su ga murmushina.

A lokacin ne harkar fim ɗin bidiyo ta buɗe a Kano, kowa neman labari yake. Wani abokin Yaya tun na makaranta, wanda ya zama darakta, ya zo shago ya ce yana son mai da jaruminmu fim. Yaya ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Ai naka ne, ka yi." A makon nan kuma wata Hajiya ta Babban Giji, wadda nake koyar da 'ya'yanta, ta tare ni a bakin makaranta da wannan magana, don ita ma ta shiga shirya fim. Daɗi ya kama ni na ce, "Bismillah, Hajiya." Ban gaya wa Yaya ba don na so in ba shi mamaki, ashe shi ma bai gaya min tasa kyautar ba.

Ba mu sani ba sai da fasta biyu suka bayyana a katanga ɗaya, kowacce da saurayi mai jar hula a kan babur, kowacce tana cewa nan ne fim ɗin gaske. Darakta ya aiko wa Alhaji takarda cewa bangon littafi na gaba hoton ɗan wasansa za a sa, in ba haka ba sai kotu. Washegari ta Hajiya ta iso, kusan kalma ɗaya.

Alhaji ya kira mu bayan la'asar. Ya shimfiɗa takardun biyu a kan tebur ya dube mu, ni ina kallon Yaya, Yaya yana kallon silin.

"Ku biyu kun yi kyauta da abu ɗaya ga mutum biyu," in ji shi. "Ni ba zan je kotu a kan ɗan acaɓan da ko jini babu a jikinsa ba. Duk littafin da na buga talla na yi wa ɗaya, na ɓata wa ɗaya. Sai sun daidaita zai sake hawa injina."

"Alhaji, rabin littafi na bakwai na gama zanawa," in ji Yaya.

"Ka ajiye. Ku kawo min wanda ba a rigima a kansa."

Kwana uku ba mu yi wa juna magana ba, alhali a kan tabarma ɗaya muke cin abinci a tsakar gida. A rana ta huɗu Inna tana tuƙa tuwo ta ɗago muciya ta nuna mu da ita, ta ce idan ba mu daina kumbure-kumburen nan ba za ta haɗa kawunanmu ta gwara. Yaya ya tsaya da loma a hannu yana kallon muciyar. Ya juyo ya dube ni, muka fashe da dariya tare.

A cikin littafin dama jarumin yana da uwa, tsohuwa da ta fito sau biyu tana yi masa faɗa a kan baƙin mai da yake ɗiga mata a zaure. Babu wanda ya nemi izininta, babu takardar da ta ambace ta. Muka tura ɗan nata Legas sayen kayan gyaran babur, muka damƙa mata unguwa. Idan ta buga muciyarta a ƙasa, duk mai ƙarya a wurin sai gaskiya ta kuɓuce masa. Mai awon da ya lotsa gindin kwano ya tona kansa, kansilan da ya yi alkawarin famfo ya faɗi inda bututun suka tafi. Wannan karon Alhaji bai kunna inji ba sai da ya sa muka sa hannu cewa babu mai kyauta da tsohuwa sai mu uku mun zauna.

Ban taɓa jin daɗin rubutu kamar na watannin nan ba. Da maza ne ke sayen littafin, yanzu sai matan aure suna aikowa daga Unguwar Gano a ajiye musu. Wata maƙwabciya ce ta kai wa Inna nata. Ta sa tabarau ta daɗe tana dubawa, sannan ta kira Yaya.

"Kai, wa ya ce maka hancina haka yake?"

"Inna, ai ba ke ba ce."

"Da zanina mai ganyen nan? Gyara hancin."

Ya gyara a fitowa ta gaba.

Su kuwa masu rigima, abin da ya sasanta su ba kotu ba ce. Kowannensu ya gwada ya kasa sa babur ya tashi. Darakta yana da kyamara mai kyau, Hajiya tana da ƙani makaniki mai dabara. Alhaji ya haɗa su a ofishinsa da lemo mai sanyi, ni da Yaya muka ba su haƙuri, suka yarda su yi fim ɗaya tare. A makon nan Yaya ya kakkaɓe zanensa na bakwai ya ƙarasa.

Ranar ɗaukar tashin babur unguwa ta fito kallo. An ɗaura igiya a reshen wata babbar darbejiya a filin bayan makarantarmu, ƙarti shida suna ja. Babur ya ɗaga, ya wuce tsayin mutum, sai ya fara juyawa a hankali. Ɗan wasan, wanda aka ce ya ɗaure fuska irin ta jarumai, ya rungume tanki yana salati yana roƙon a sauke shi. Darakta yana ihu a ci gaba da ɗauka, Hajiya ta toshe baki da mayafi kafaɗunta suna rawa. Da aka sauke shi ya sha ruwa, da kansa ya ce a sake, amma a ƙara mutum biyu a kan igiyar. Sau huɗu aka ɗaga shi kafin a samu ɗaukar da bai rufe ido a cikinta ba, muka tafa masa har hannuwanmu suka yi ja.