Silifas ɗin gaban firizar Inna sun yi ritaya

Jiya da hantsi na shiga gidan Innarmu a Ƙafin Maiyaki, na tarar da 'yata Hadiza tana haƙa rami a bayan janareta, ga gawayi da gishiri a gefe.

Inna tana sayar da ƙanƙara, kuma firizarta ta daɗe tana jan mutane in an tada inji. Dabararmu ita ce silifas: an ajiye wasu a gabanta, duk mai buɗewa sai ya saka. Shekaranjiya wata jikar Inna ta taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu, ba takalmi. Allah ne ya kiyaye.

Hadiza aikin lantarki take koya, hutu ta zo. Ta canza wata wayar wuta da ɓera ya ci, ta kafa sandar jan ƙarfe a ramin, ta zuba gawayi da gishirin, ta haɗa jikin janareta da na firiza da sandar.

Inna ta ce, "Ke Dije, gishirin miyar tawa za ki ba ƙasa?"

Hadiza ta ce, "Inna, wutar da ta ɓalle hanya take nema. In ba mu nuna mata ƙasa ba, jikin mutum za ta bi."

Aka tada inji, ta gwada da mita, sannan ta dafa firizar ba takalmi. Lafiya lau.

Inna ta miƙo mini silifas ɗin. "Ungo, kai wa masu cewa wannan ba aikin mata ba ne."

Har yanzu bakina ya ƙi rufuwa. Ku fa, janaretanku na haɗe da ƙasa, ko silifas ke gadin ranku?