Tumatirin Malam Maitama

Shekara talatin Malam Maitama yana noman tumatir a fadamar ƙauyensu. A lokacinsa, motoci har bakin gona suke zuwa ɗaukar kwanduna. Ranar da 'yan bindiga suka harbe babban ɗansa Awaisu yana tsakiyar ban ruwa, ranar ya bar fadamar. Bai sake taka ta ba. 'Yarsa Sakinatu ta ɗauko shi zuwa gidan mijinta a Malumfashi.

Zama ya gagare shi. Sai ya nemi a ba shi ɗan filin bayan ɗaki, ya dasa tumatir gindi ashirin. Suka kama, suka yi kore shar. Amma da zafi ya shigo rijiyar gidan ta ja baya, ƙasar kuma ba ta riƙe laima. Dole a rufe gindin shukar.

"Baba, ga kara nan jibge," in ji Sakinatu.

"Kara gara yake kira."

"To harawar gyaɗa fa?"

"Awakinki su ci me?"

Busasshiyar ciyawa yake so, irin ta bakin fadama, sai dai ba mai shiga daji yanzu. Wani maƙwabci, Muhammad Sani, ya ji labari, ya kawo masa buhu biyu daga gefen gonar masararsa. Maitama ya damƙi ciyawar, ya ga ta ƙone ja, ba irin bushewar rana ba. Tambaya ta zo masa baki: ko an yi mata feshi? Amma shi baƙo ne a garin, kuma kyauta aka kawo masa. Ya yi godiya, ya shimfiɗa, ya zuba ruwa.

Kwana shida sabbin ganye suka fara nannaɗewa, furen ya zube. Da aka tambayi Muhammad Sani, ya dafe kai.

"Wallahi Malam, yara sun fesa maganin ciyawa a wurin. Ban kawo a raina ba."

"Ba laifinka ba ne. Na gani, na yi shiru."

Da kansa Maitama ya tuttuge shukokin, ya hana a ba awaki. Sakinatu ta sayo wani irin a kasuwa, ta ajiye masa a kan taga. Har damina ta faɗi bai buɗe ƙullin ba. A watan ne ciwon ƙirji ya kwantar da shi, kuma a Malumfashi aka binne shi.