Shelar da Yaya bai yi ba

Motar Yayana ta shela ce. Lasifika biyu a kan rufi, wufa ɗaya mai fitar da kakkauran sauti a but, amfilifaya, wato injin sauti, a ƙarƙashin kujera. Da ita yake zaga ƙauyukan Gaya da Ajingi yana sanar da ɗaurin aure da wa'azi. Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ni na karɓi tuƙin.

Ranar da ya miƙo min makulli ya ce, "Injin sautin nan, a ma'aunin lantarki om huɗu yake ɗauka. Duk wufar da ka ƙara a waya ɗaya, om ɗin raguwa yake, injin ya ɗau zafi. Kar ka ƙara masa komai."

Babbar 'yarsa za ta yi saukar Alƙur'ani, ya ce wannan shelar da bakinsa zai yi ta ranar Juma'a. Muryarsa ta riga ta dushe, ba a jin sa sai da makirfo.

Ranar Alhamis bayan la'asar na tarar da direbobi a tasha suna gasar sauti. Kofin ruwa ake ɗorawa a rufin mota, wanda wufarsa ta kayar da shi ya ci. Wani abokina ya ce, "Mutumina, wannan mota ce ko rediyon kaka?" Aka kwashe da dariya.

Na aro wufa biyu, na haɗe su duka a waya ɗaya. Fiyus ya tsinke, yana gargaɗina. Na naɗe shi da waya na ƙure ƙara. Kofin ya faɗi, aka yi ihu, sai ga hayaƙi daga ƙarƙashin kujera. Mai gyara ya ce injin sautin ya ƙone, sai an kai Kano.

Da safe Yaya ya fito da farar rigarsa, yana dafa bango. Na faɗa masa. Ya shinshina cikin motar, ya ce, "To, mu je a haka."

A Toranke ya sauke gilas ya fara sallama. Masu sussuka a bakin hanya ko waiwayowa ba su yi ba. Ya sake gwadawa, tari ya sarƙe shi. Ya taɓa hannuna ya ce, "Faɗa musu kai."

Ni na yi ta ɗaga murya har Balan, shi yana motsa leɓe yana bin maganar.

An gyara injin daga baya. Yaya bai ƙara riƙe makirfo ba, kafin damina muka kai shi makwancinsa. Allah Ya jiƙansa, ni kuma Ya yafe min.