Jitar Baban Hadiza da Zaren Fatsa

Mun tashi daga Kano ana idar da sallar asuba, ni da wani abokina. A tasha, muna jiran mota ta cika, na buɗe bakin buhu don in ƙara kallon aikina. Nan idona ya faɗa kan wata 'yar tsaga siririya kamar gashi, a ƙarƙashin katakon da ake ɗaure tsirkiya, wanda makaɗa ke kira jaki. Na shafa ta da yatsa, na ce wa zuciyata ai tsufa ne, na ɗaure buhuna.

Jitar ba tawa ba ce. Ta mahaifin Hadiza ce, yarinyar da aka sa mana rana, wadda in ta yi murmushi nake manta sunan unguwarmu. Baba ya samo ta ne a hannun wani Bature da ya yi wa tuƙi lokacin da ake gina dam ɗin Tiga. Tsirkiyoyinta uku sun tsinke, ta daɗe a rataye a ɗakinsa na Fammar, sai ya aiko mini da ita ta hannun Hadiza, in sa a gyara a birni. Amana ce ta farko da ya taɓa ba ni. Wace irin tsirkiya take so? Ban tambaya ba. Wa zai tsaya gaban surukinsa yana yi masa tambayoyi kamar ɗan jarida? Na tafi Sabon Gari na zaɓi na ƙarfe, masu ƙyalli kamar azurfa, don a littattafan soyayyar da na ƙoshi da su masoyi ba ya kai abu sai mai ƙyalli. Na cire tsofaffin duka, na ɗaura sababbi, na murɗa har suka yi tsam.

Shekarun nan ne da aka ƙaddamar da shari'a, ba kowa ke son a gan shi da kayan kiɗa a kan titi ba. Shi ya sa na naɗe ta da zanen gado kafin buhu. Mata na kujerar baya, mu maza muna gaba a matse, buhun na tsaye tsakanin ƙafafuna. Wani dattijo ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Malam, kabewa ce mai wuya haka?" Abokina ya ce, "Kayan gaisuwar surukai ne, Alhaji." Aka yi dariya, aka koma hirar siyasa da tsadar taki.

Damina ta yi kyau a wannan shekarar. Daga Tamburawa har kwanar Karfi ko'ina kore shar. A Karfi muka sayi gasasshiyar masara mai zafi ta taga, muka karya zuwa Bunkure, inda shinkafa ta shimfiɗu kamar an share mata ƙasa. Hanyar kuwa ramuka ne, direba na kauce wa ɗaya yana faɗawa biyu. Dab da duwatsun Rano suka bayyana, sai na ji wani ƙas a cikin buhu. Zuciyata ta yi irin wannan ƙarar.

Muna sauka na raɓe bayan wata rumfa na buɗe. Jakin ya ɗaga, har ina iya zura farce. In ya ɓalle, zai tafi da fuskar jitar. Na zauna a kan dutse ina hango kaina tsugune a gaban Baba da tarkace a hannu, Hadiza na leƙe ta bayan ƙofa.

Wani kafinta da muka nuna wa ya ce shi ƙusa zai buga mata. Na rungume abata na gode masa. Shi ne dai ya kwatanta mana Malam Ilu, mai sayar wa masuntan Tiga koma da fatsa a bakin kasuwa. Tsohon makaɗin garaya ne, ya ajiye ta da zamani ya juya.

Mun same shi yana ƙulla koma, siririn tsoho mai jan haƙora. Ya ja mu cikin rumfa, ya sauke labule, ya karɓi jitar kamar jaririya. Ya sassauta tsirkiyoyin shida, sannan ya dube ni.

"Wa ya ɗaura mata wayar birki?"

"Ni ne, Baba. Masu tsada ne."

"Na gani. Kai ma in aka ɗaura maka su, wuyanka zai karye."

Ya nuna mini abin da ban sani ba. Jita iri biyu ce. Akwai wadda aka yi don ƙarfe, an ƙarfafa mata ciki. Akwai irin wannan mai faɗin wuya, wadda ake ƙulla tsirkiyarta a jikin jaki, ita ba ta ɗaukar komai sai roba mai laushi. Ga kuma danshin damina da ya riga ya jiƙa tsohon gam. Ya kankare shi da aska, ya zuba sabo, ya danne jakin, ya naɗe da robar tayar keke. Ya ce sai gobe.

"To tsirkiya fa?" in ji abokina. "Sai an koma Kano?"

"Tsofaffin suna ina?" Malam Ilu ya tambaye ni.

Kunya ta kama ni. Na zaro littafin soyayyar da ke jakata, na buɗe tsakiya. Ga manyan ukun nan da ba su tsinke ba, a nannaɗe. Na ajiye su ne don kawai Hadiza ta taɓa su da hannunta. Abokina ya yi dariya har ya riƙe ciki. Malam Ilu ya ce, "Bar shi. Yau dai soyayya ta yi rana."

Muka kwana gidan wani ɗan ajinmu. Rano gari ne mai natsuwa, duwatsu sun kewaye shi kamar 'yan rakiya. Na sha furar da ban taɓa shan irinta ba a wurin wata Bafillatana, nono mai kauri har ludayi na tsayawa, amma rabin hankalina na cikin rumfar tsohon nan.

Da hantsi muka koma. Ya wanke manyan tsirkiyoyin da ruwan ɗumi, sun bushe. Ya jawo ƙullin zaren fatsa, yana murza kowane tsakanin yatsu, ya zaɓi uku: na kamun tarwaɗa, na karfasa, da wani siriri na ƙananan kifi. Sai ya miƙo mini.

"Kai za ka ɗaura. Surukinka ne, ba nawa ba."

Ya koya mini ƙullin: a zura, a zagayo, a murɗa sau biyu, a danne wutsiyar a bayan jaki. Ɗaya bayan ɗaya, ba a ja da ƙarfi. Siririn ya zame mini sau uku, sai da Malam Ilu ya ƙona bakin zaren da ashana ya yi ɗan kai. Ya ce zaren roba yana miƙewa, in yi ta gyara murya har ya zauna. Da na gama, ya taɓa su da babban yatsa sau ɗaya, ya rufe ido. Sannan ya yi sauri ya miƙo mini ita.

Daga Rano muka hau mota zuwa Kibiya, daga nan acaɓa zuwa Fammar, ta cikin dawa da gyaɗa. Sau biyu na sa aka tsaya a gindin bishiya na ƙara murɗa kunnuwan jitar masu jan tsirkiya. Ɗan acaɓan ya ce bai taɓa ɗaukar fasinja mai lallashin buhu ba.

A zaure na tsuguna, kaina a ƙasa, na miƙa. Baba ya bi jikin jitar da hannu, ya tsaya daidai jaki. Ya shinshina yatsansa. Abokina ya zungure ni in yi shiru, amma na ji ba zan iya shiga gidan nan da ƙarya ba. Na faɗi komai, tun daga Sabon Gari har rumfar Malam Ilu.

Baba ya ce, "Da ka tambaye ni, ai da na gaya maka."

"Kunya ce, Baba."

"Wa ya yi wannan ƙullin?"

"Ni ne."

Ya ja siririn zaren, ya sake shi, ya saurara. "Ya ƙullu," in ji shi. Sai ya fara kaɗawa a hankali, yadda sautin ba zai wuce zaure ba. Na ji motsin awarwaro a bayan ƙofa, na san wace ce. Ni dai tun da nake ban taɓa jin kaina ya yi tsawo ina tsugune ba sai ranar. Aka kawo dambu da zogale, na kasa ci a gabansa, abokina ya cinye har da rabona.

Mun dawo Kano da la'asar sakaliya. Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne, amma ya zauna: kafin ka sayi tsirkiya ka san jitar, kuma tambayar da kunya ta hana ka yi a zaure, za ka yi ta a kasuwa da gumi.

Baba ya yi shekaru masu yawa bayan bikinmu. Ga 'ya'yansa maza huɗu, amma duk lokacin da zare ya tsinke ni yake aika wa. Da idonsa ya tafi, a zaure muke zama, ni ina ƙullawa shi yana gyara murya. A rashin lafiyarsa ta ƙarshe ya tara su, ya sa aka sauko da jitar, ya ce kyauta ce ya yi tun yana da rai, kada a sa ta cikin gado. Sannan ya lalubo hannuna ya ɗora a wuyanta.