Muhandis Ya Tilasta wa Sabarmu

Har yau idan na tuna mutumin nan da aka turo mana daga Khartum, raina yakan ɓaci.

Lokacin ni ke kula da kwamfutocin ofishin ƙungiyar manoma a Rufa'a. Muna da saba, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da sunan kowane manomi da hawasharsa, wato gonarsa, da ranar da za a sakar masa ruwa. Sun tsufa, amma suna aiki.

Sai aka ce a saka wata manhaja da za ta riƙa daidaita su duka daga wuri guda. Na yi murna, don ni ke shan wahalar bin su ɗaya bayan ɗaya. Da na fara sakawa sai ta ƙi. Ashe tana jingina ne a kan wasu ƙananan manhajoji, namu kuwa sun tsufa. Ma'ajiyar intanet da muka saba sauko da manhajoji daga ita an rufe ta tuni. Na gwada wata, shafin ya ce ba ya hulɗa da ƙasarmu. Wadda na samo da ƙyar, ita ma ta nemi wata sabuwa.

Na roƙi mudir, shugaban ofishinmu, ya ba ni lokaci in gwada a wata kwamfuta daban. Shi kuwa sai ya kira muhandis, wato injiniyan nan na Khartum.

Ya iso da hantsi, ya sha shayi, ya zauna a kujerata.

"Ya zol, ai tilasta mata za ka yi. Cire tsofaffin, ɗora sababbi."

Na ce, "Ustaz, manhajar rabon ruwa a kan tsofaffin take tsaye."

"Halas, ba abin da zai same ta."

Ya san aikin, ba jahili ba ne. Sauri kawai yake yi kada motar la'asar ta bar shi. Ya tilasta, sabuwar ta hau, mudir ya yi masa rakiya har bakin titi.

Washegari manhajar ruwa ta ƙi buɗewa. Manoma suka cika baranda cikin rana, har da kawuna. Ya leƙo ta taga ya ce, "Ɗana, mi kuka yi wa injin ga? Dawata ta fara naɗe ganye."

Na buga wa muhandis waya. Ya ce, "Ni dai na bar ta tana aiki." Ya kashe.

Sai da na hau mota zuwa Madani na aro tsohon faifai wurin wani abokina, na mayar da tsofaffin da hannu, kowace da lambarta, na kulle su kada su sake sabuntuwa. Sabuwar manhajar na ba ta kwamfutarta ita kaɗai. Kafin in gama, ranar ruwan kawu ta wuce, gefen gonarsa ya ƙone.

Bai zage ni ba. Ya dai daina zuwa gidanmu cin abincin Juma'a har aka yi girbi. Duk ƙauyenmu kuwa cewa ake yi ɗan ƙanwarsa ne ya ɓata injin.